Ranar da Na Kashe Janareton Sabo

Asabar ce, shekara ta biyu da sojoji suka bar mulki. Da safe na je niƙan wake a bakin titin jirgi. Na dawo na tarar da maigidana Sabo yana rubuta allon gidan kallonsa da alli, rubutun nan nasa kamar kaza ta yi tono. Gidan kallon rumfar kwano ce a lungunmu a Agege: bencina, talabijin, bidiyo, da janareto a baya. Ni kuma ina suyar ƙosai da doya a bakin ƙofa, 'yarmu Hauwa a bayana.

Sabo bai yi nisa a boko ba, amma shi ke fassara. Yakan tsaya gefen talabijin da 'yar sanda, Turawa na surutunsu, shi yana zuba Hausa. Rabin abin da yake faɗa daga kansa yake fitowa, kuma rabin nan mutane ke zuwa ji.

Fim ɗin makon kaset biyu ne. Wasu ɓarayi biyu ne suka tuɓe kakin matattun sojoji suka saka don su ji daɗin sata, sai aka kama su aka tura su bakin daga. An nuna na farko ranar Juma'a. Mata ba sa shiga, amma kwano ba ya riƙe magana, ina suya ina ji. Duk wanda aka harbe a fim ɗin sai rumfa ta ɗauki dariya. Isuhu, wani mai gadi ɗan Maraɗi, har faɗowa ya yi daga benci. Baba Kofur kuwa, tsohon soja mai ɗingishi, ya fito yana tsaki. Ya ce wanda ya taɓa jin warin gawa ba zai yi wa wannan dariya ba. Ranar Asabar shi ya fara zuwa, ya kama bencin gaba.

Ni gajeren ɓarawon ne ya tsaya mini a rai. Matsoraci ne, ba abin da yake so sai ya koma wurin uwarsa. Sabo kaɗai ya kalli kaset na biyu. Na tambaye shi ko gajeren ya kai gida. Ya yi dariya ya ce in ji ta kwano kamar kullum.

Akwai wata doka ta Sabo. Da zarar fim ya fara, sai ya saka sakatar ƙarfe ta ciki, ba a buɗewa sai an tashi. 'Yan zaman banzan lungun ne suka jawo haka. Sukan bubbuga kwano suna ihun gobara ko 'yan sanda, ana buɗewa su afka ciki su yi kallo a bagas. Har mutanen ciki suka saba. Bugun kwano ya zama abin dariya.

Bayan azahar suka shiga. Na ji sakata ta faɗa. Janareto na ruri, lasifika a ƙure.

Wajen ƙarfe uku na lura da 'yan okada, masu babur ɗin haya. Duk gefe ɗaya suke gudu, ba mai ɗauke da fasinja. Sai ƙarar rufe shaguna, ɗaya bayan ɗaya, tana matsowa. Hayaƙi ya tashi ta wajen tasha, baƙi ƙirin, irin na taya. Man kaskona na tafasa, na kasa jefa ƙullu.

Iya Risi, Bayarabiya mai barkono da muke fuskantar juna shekara da shekaru, ta tsallako ba ɗankwali.

"Maman Hauwa, gudu! Suna zuwa da adduna!"

Har yau ban san abin da ya tayar da faɗan ba. An ce gardama ce a tasha. Abin da na sani shi ne mijina yana cikin akwatin kwano, da mutane cike, ƙofa a kulle.

Na bugi kwanon da ludayi. Na buga da hannu biyu. Na yi ihu ina cewa a buɗe. Daga ciki wani ya amsa:

"A je a nemo kuɗin shiga!"

Aka kwashe da dariya. Ina jin muryar Sabo yana ba su labari: ɓarayin sun ɗauko akwatin gawa cike da agwagin sata, ana ruwan harsashi, agwagi na kuka. Daidai nan aka harba bindiga a bakin lungunmu. Ta gaske. Tsuntsaye suka tashi daga kan waya. A ciki Isuhu ya ce, "Saura ɗaya!" Rumfa ta sake kecewa da dariya. Wannan dariyar ita ce abu mafi ban tsoro da na taɓa ji a rayuwata.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba. Ranar na kira. Na manna bakina a tsagar ƙofa na ce Sabo, Sabo, har muryata ta dishe. Bai ji ba.

Sai na zagaya baya. Janareton nan Sabo ya hana kowa taɓawa, har ni. Ban san ina ake kashe shi ba. Na cafki wata waya a jikinsa na fizga. Ƙarfen ya ƙone mini hannu, tabon na nan. Janareton ya yi tari ya mutu.

Aka fara zagin mai janareto. Zagin bai yi nisa ba ya tsaya cak. Yanzu suna jin abin da nake ji: ihun mata, fashewar kwalabe, ƙafafu da yawa a guje.

Sakata ta buɗe. Ƙofar ta mutum ɗaya ce. Sabo ya tsaya a bakinta yana fizgo su yana turawa, sandar fassara na hannunsa.

"Titin jirgi! Kar wanda ya bi babban titi!"

Ya gan ni. Ya dubi hannuna, ya dubi Hauwa.

"Tafi! Ina bayanki!"

Na tafi. A kwanar lungu na waiwaya. Ya rataya hannun Baba Kofur a wuyansa, suna tahowa a hankali. A bayansu na hango jajayen ƙyallaye a kawunan mutane. Iya Risi ta ja ni.

Mun bi titin jirgi. Duwatsun suka cinye mini silifa. Hauwa ta yi kuka har ta daina, shirun nata ya fi tsorata ni, ina gudu ina taɓa ƙafarta. Na ga wani mai ruwan garwa kwance a kan kurarsa, ban tsaya ba. Iya Risi ta ɗaura mini zanenta, ta ce kowa ya tare mu in amsa da Yarbanci. A Agege aka haife ni, na iya. An tare mu sau ɗaya. Na amsa, suka ce mu wuce.

Ana kiran magariba muka shiga wani barikin 'yan sanda ta wajen Ogba. Filin cike yake. Na zauna kusa da get, duk wanda ya shigo sai na miƙe. 'Yan rumfa suka yi ta isowa, wasu da sara, wasu ba riga. Isuhu ya iso. Sabo bai iso ba.

Washegari da hantsi aka kawo Baba Kofur a baro, jikinsa duk kwata. Ya ce da suka ga ba za su tsira tare ba, Sabo ya tura shi cikin lambatu ya ja katako ya rufe. Daga ƙarƙashi ya ji ƙafar Sabo ta yi wani gefen, sauran ƙafafun suka bi shi.

Ranar Litinin aka kira ni asibiti in duba wata gawa. Akwai guntun alli a aljihunsa.

Duk wanda ya shiga rumfar nan ranar Asabar ya rayu. Mai rumfar ne kawai babu.

Muna zaman makoki a barikin, maza a tabarma. Can Isuhu ya ce, a hankali, kamar yana jin kunya, ko akwai wanda ya san ko gajeren nan ya kai gida. Ba wanda ya yi dariya. Baba Kofur ya juyo ya dube ni.

"Bai gaya miki ba?"

Na ce a'a, ya ce in ji ta kwano.