Barkwancin da Ya Ci Ƙafar Mai Ɗakina

Shekarun baya, in ka sauka tashar Matameye ka tambayi mutumin da ke sa dattawa dariya har su furzar da goron bakinsu, ni za a nuna maka. Lambu nake yi da rani, rake da kabeji, da la'asar kuma in hau benci a fadarmu in buɗe baki. Nakan rantse cewa sauron unguwarmu sai da linzami, kuma na taɓa ganin wani ya suri ɗan tsako ya haura katanga da shi. Ana dariya, ni kuma ina jin kaina kamar gwamna. Na rubuto muku ne don ku ji ɓarnar da bakin nan ya yi a cikin gidana, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Wata shekara masu rabon maganin tundurmi suka shigo unguwarmu. Suna riƙe da wata doguwar sanda mai launi-launi, mutum ya tsaya a jikinta, su duba tsawonsa, sannan su ba shi ƙwayoyi daidai da shi. To, kun san al'adarmu: ba a gwada tsawon mutum sai ranar da ya cika, a ɗauko kara a auna shi a kai wa masu haƙa kabari. Ina hango sandar nan na ɗaga murya na ce zamani ya ci gaba, yanzu tun kana numfashi ake ɗaukar awonka, duk wanda zai tsaya a jikinta ya fara barin wasiyya. Fada ta kece da dariya, amma layin mata ya fara watsewa. Mai ɗakina tana cikinsu. Ko wata biyu ba a yi da rasuwar mahaifiyarta ba, kuma da idonta ta ga an fita da karan. Ta ja mayafi ta koma gida. Daga ranar, duk shekarar da suka zo sai ta shige ɗaki ta ce a ce ba ta nan. Ni kuwa, abin kunya, sun same ni a lambu washegari, na tsaya aka auna ni, na haɗiye nawa ina tsokanarsu. Sangen da aka ba mu don sauro ma na kwashe na rufe irin kabeji da shi, wai kada fara ta cinye.

Bayan 'yan shekaru, a ƙarshen wata damina, zazzaɓi ya kama ta da rawar ɗari, ƙafarta ta hagu ta yi ja ta ɗau zafi kamar murhu, ga kaluluwa. Bayan kwana huɗu ƙafar ta sauka. Na ce mata ai ƙiba ce ta fara daga ƙasa, za ta hauro sannu a hankali. Ta yi murmushi kawai. Karo na biyu muka ce ko wani abu ta taka, aka yi jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Karo na uku kumburin ya zauna. Takalminta ya daina shiga, ta koma jan zane har ƙasa, kuma matan da ke sayen furarta suka fara wucewa ta ƙofar gidanmu suna kallon gefe. Ranar da na ga ta kasa tsugunawa gaban murhu, na nemo mota muka tafi likita.

Malamar da ta duba ta ta danna yatsa a ƙwaurinta, ta cire, ramin ya tsaya bai ciko ba. Ta tambaye ta ko tana kwana cikin sange, mai ɗakina ta ce wani lokaci. Ta tambaye ta ko tana shan maganin da ake rabawa.  Mai ɗakina ba ta dube ni ba. A hankali ta ce yawanci rabon yana samunta a Kurni wurin dangi. Wallahi ko sau ɗaya bai taɓa samunta a can ba, asirina take rufawa.  Na buɗe baki na faɗa wa malamar komai, da maganar kara, da kabejin, da ƙwayoyin da na sha ni kaɗai. Karon farko ke nan da na ba da labari ba wanda ya motsa leɓe.

Na tambayi malamar ko ƙafar za ta koma yadda take. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba: za a iya hana ta ƙaruwa, a rage zazzaɓin, amma komawa kamar da, da wuya. Ta ce sauro ne ke ɗaukar ƙananan tsutsotsi daga jinin wani ya zuba wa wani, su yi shekaru a jiki ba a sani ba. Ba za ta iya rantsuwa cewa maganin zai tsare ta ɗungum ba, amma shekarun da mai ɗakina ta ƙi sha da kwanan da ta yi babu sange, duk ƙofa ce muka bar wa cutar a buɗe, har ga 'ya'yanmu. Ta koya mini yadda zan wanke ƙafar da sabulu safe da yamma, in tsane tsakanin yatsu, in ɗora ta kan matashi. Muna dawowa na je lambu na kwance sangen, ya riga ya yage, sai da na nemo sabo. Na kuma tsaya a fada na faɗi abin da na yi, wasu suka sunkuyar da kai, domin su ma matansu sun bar layin nan.

Abin da na koya shi ne, mai ba da dariya ba ya zaɓar wanda zai ɗauki maganarsa da gaske. 'Yan'uwana masu kaifin baki, ku yi wasa da tuwon da ya ƙone, ku yi da ƙurar kasuwa, amma kada ku taɓa maganar magani. In masu rabo sun zo, ku fara tsayawa a gaban iyalinku, ku rataya sange inda aka ce, ku cike ramukan ruwa na bayan gida. Har yau mai ɗakina ba ta ce mini uffan a kan abin ba. In na gama tsane mata ƙafa, sannu take yi mini, kuma da za ta zage ni da ya fi mini sauƙi.