Sikanar Goggo Mai Aya

Ku da kuka san Goggo Zuwaira mai aya ta Cadawa, kun san ba a buɗe takardarta a tashi ba atishawa. Cikin kwalla take aje takardu, ta zuba busasshen barkono da ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda gara, ta rufe, ta ɗora dutse. Ta gona, ta aure, ta haihuwa, har ta motar da ke kai mata aya Maraɗi, duk yaji suke. Ni ɗan ƙanenta ne, kuma da yake ina koyarwa a lakol, makarantar boko, ni aka ɗora wa karanta su. Har yau in na ga hatimi sai hancina ya soma ƙaiƙayi.

Wata rana jandarma ya tsayar da motar a hanyar Agye, ya ce a kawo takardu. Goggo ta miƙa. Bawan Allah yana buɗewa ya saki atishawa har hularsa ta karkace.

Ta ce, "Ka ce alhamdu lillahi, ɗana, in amsa maka."

Ya sake sakin wata, ya miƙo takardun yana share ido. "Ku tafi, Hajiya."

"Ba ka duba ta ƙasan ba."

"Na yarda da ita!"

To, barkono yana korar gara, amma ba ya hana hoto koɗewa. Cikin kwallar nan akwai katin lakol na Yaya Laminu, ɗanta na fari, wanda sanƙarau ya ɗauke yana koleji. Hotonsa ke nan kaɗai a duniya, kuma kowace damina sai ya ƙara dushewa. Goggo kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, da ya rasu ma ba ta soma ba. "Wancan" take cewa, ta kau da kai.

Ran nan sai ga ta a gidana. "An ce akwai injin da ke ɗaukar takarda ya aje ta cikin ordinatar, kwamfutar nan taka. Takardun ayata sun yi mini yawa."

Takardun ayar nan ko gindin kwalla ba su rufe ba. Na ce to, ai wayata ma tana iya ɗauka.

"Wace wayar? Wadda ta faɗa maka rijiya bara? Tashi mu je Maraɗi."

Kai, na ga cinikin rago, na ga na sa, ban taɓa ganin irin cinikin sikanar nan ba. Ta ɗaga kowace ta ji nauyinta. Ta ƙwanƙwasa. Ta leƙa ƙarƙashi. Mai shagon, wani Alhaji mai haƙuri, ya nuna mata wata mai sauri, wadda ake loda wa takardu ta riƙa zuƙewa ɗaya bayan ɗaya.

Goggo ta ce, "Haɗiyewa take?"

"Tana fito da su ta baya, Hajiya."

"Akuya ma haka take. Kau da ita."

Sai ya kawo mai murfi, wadda ake kwantar da takarda bisa gilashi a rufe. Wannan ta yi mata, wai tana da ladabi. Amma masu murfin ma iri-iri ne, don haka ta ce sai an gwada. Aka gwada da takardar aya, ta fito tsaf. Ba ta ko duba ba. Ta kwance bakin mayafi ta zaro katin.

Alhaji ya ce, "Allah sarki! Wane ne wannan?"

"Wani ne."

"Ɗanki ne?"

"Kai, sai da injinka."

Mai arha ta fito da fuskar kamar an shafa toka. Goggo ta ce wannan makauniya ce. Ta gaba ta fito da ido da hanci, ba baki. Ta ce wannan ta soma gani, amma da saura. Sai mai tsadar, wadda Alhaji ya ce masu aikin hoto ke saye. Yana ƙara haske yana ragewa, sai ga Yaya Laminu ya cika allo, da rigar lakol da ɗan murmushinsa. Goggo ta dube shi ta wutsiyar ido, ta ce, "Hm. Kunnuwan ubansa." Matar da ke yin rabin wuni kan farashin tiya ɗaya, ranar nan ko tayi ba ta yi ba.

Manhajar jera takardun ita ma sai da muka sha daga. Na kawo wadda ake biya wata-wata. Ta ce ita ba ta kama wa takarda hayar ɗaki. Na kawo wadda ba ta aiki sai da rezo, wato intanet. Ta ce rezon da sai ka hau jinkar rumbu? Muka tsaya kan wata ta kyauta, mai aiki ko ba rezo, wadda in ka rubuta suna take zaƙulo maka takarda. Sai dai kowane dosiye, jakar da ake zuba takardun ciki, yana son suna. Na gona muka sa Gona. Na marigayi mijinta ta ce in sa Malam. Da muka zo kan katin na tsaya, yatsana bisa madanni.

Ta ce, "Mi kake jira? Ba ka iya rubuta Wancan ba?"

Daga nan kowace Juma'a sai ta taho gidana, ta zauna bisa tabarma ta ce, "Buɗe mini takardun aya." Ni kuma in buɗe Wancan. Ta yi zaune tana tsintar tsakuwa cikin aya, tana satar kallo. Wata Juma'a shaiɗan ya zuga ni na buɗe takardun ayar na gaskiya. Ta dubi allon, ta dube ni.

"Kai ne ke koya wa ƴaƴan mutane karatu?"

"Ni ne, Goggo."

"Allah ya ji ƙan iyayensu."

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, idonta ya yi rauni, ni na riƙa kai mata ordinatar. Juma'ar ƙarshe na buɗe, na matso da allon kusa da fuskarta. Ta daɗe tana kallo, wannan karon ba ta wutsiyar ido ba. Can ta ce, "Akwai rubutu ƙasan hoton. Duba ko injin nan ya ɗauka daidai."

Na karanta mata: "Laminu."

"Ban ji ba."

Na sake faɗa. Kunnenta kuwa lafiya lau yake, mu duka mun sani.

Ta rufe ido ta ce, "To. Ya ɗauka daidai."

Ina kewarta ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Allah ya ji ƙan Goggo Zuwaira, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da ɗanta a gidan Aljanna, ta dube shi ido da ido ta ƙoshi. Amin.