Yankan Kanta

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke bayan tabkin Madarumfa ya san sunan Kanta, don da shi iyaye mata ke yi wa yaro faɗa idan ya yi nawar alwala: "Kanta kake son zama?" Shi kuwa mai sunan ba wani dodo ba ne. Siririn dattijo ne mai furfura har a gira, manomin gero da wake, wanda bai taɓa matsa iyakar gonar kowa ba, abin da ba za a rantse a kai ba game da wasu ƴan sahun gaba. Laifinsa guda ne: shi kaɗai ya rage a garin yana bin abin da ya tarar kakanninsa na bi.

Ba shi ya zaɓi kaɗaicin ba, barinsa aka yi. Ƴan'uwansa suka musulunta ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Lami ta fara sallah shekarar da yayarta ta dawo daga Makka da haƙorin zinariya. Babban ɗansa Mamman ya tafi Ɗan Issa yin kabu-kabu, ya dawo da gemu da nasiha. Kanta bai hana kowa ba. Shi ne ma ya sayo musu buta, shi ya jera musu duwatsu a tsakar gida ya share wurin, kuma in azumi ya zo a bayan rumbu yake cin tuwonsa don kada ya ɓata wa kowa rai.

In aka tsare shi da maganar Allah, amsarsa a shirye take.

"Allah na nan mana, wa yac ce babu? Amma kun taɓa ganin talaka ya tahi wurin perfe, babban jami'in gwamnati, kai tsaye? Ta hannun mai gari aka bi. To ni ma ta hannun na gida nike bi, iskokin kakannina."

Wannan ta bakin kasuwa ce. Ta cikin ransa ba ta da wannan tsari. Shekarar da ƴarsa Ɗelu ta kwanta da zazzaɓi, babu ƙofar da bai buga ba: ya zubar da jinin kaza a inda aka koya masa, ya bar Lami ta karɓo rubutu wurin malam, ya ɗauki yarinyar a amalanke har gidan likita. Ta mutu a hanyar dawowa. Tun daga nan yakan tsaya a tsakiyar gona, ya jingina da ƙotar hauya, ya dubi sama ya ce a ransa babu kowa can. Sai kuma ya tambayi kansa, to in babu kowa, wa nake yi wa wannan fushin? Bai taɓa samun amsa ba, sai ya koma noma. Duk da haka ko a wannan shekarar bai fasa yankan gona ba, don ubansa ya sha gaya masa abin da ke samun gidan da ya manta da na gida.

Yankan kuwa ga yadda yake. Kowace shekara, in zafi ya kai maƙura kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas, ana kai jan bunsuru gindin wata tsamiya da ke tsakiyar gandun gidansu, a yanka wa Uwar Gona da sauran iskokin gida. Matsalar ita ce Musulmi ba ya cin yankan arne, bunsuru kuma ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya. Tun zamanin uban Kanta aka samo dabara: a kira maƙwabci Musulmi ya sa wuƙa. Wanda ke sa wa Kanta wuƙa shi ne Ɗanjuma masunci, abokinsa tun suna yawo ba wando, mutum mai ƙaton ciki da dariya mai tsorata awaki. Ɗanjuma zai juya bunsurun gabas, ya yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya shaida. Kanta kuwa yana tsugune a baya riƙe da ƙafafu, yana jero sunayen iskokin nasa a hankali kafin jini ya taɓa ƙasa. Jinin ya bi saiwa, naman ya bi gari.

Kowa ya san abin da ake yi a gindin tsamiyar nan, kuma kowa ya ci. Har gidan Liman Hassan ana kai cinya, a karɓa da hannu biyu a ce, "Ai yankan Ɗanjuma ne." Ranar ce kaɗai a shekara da zauren Kanta ke cika, ƴaƴansa su sa hannu a akushi ɗaya da shi ba tare da kowa ya yi tsaki a ciki ba. Yana son wannan ranar fiye da yadda zai iya faɗa, kuma bai taɓa faɗa ba.

Wajen fiɗa ne abokan biyu ke yin gardamarsu ta shekara.

"Kanta, ka sake yin asarar bunsuru. Sunan da anka fara kira shi ka ɗaukar yankan."

"Wanda ya sha jinin dai. Allahnku ba ya shan jini, ku kunka ce."

"Arnen banza."

"Riƙe nan da kyau, malam, kana ɓata mani fata."

Haka suka tsufa, babu wanda ya ja wani ko taku ɗaya.

Sai ga shi wani rani ciwon ciki ya kama Ɗanjuma. Aka kai shi Maraɗi, aka dawo da gawa. Kanta ne ya fara sa gatari a kabarin, don haƙa ba ta tambayar addinin mutum. Amma da aka jeru sallah sai ya ja baya, ya tsaya can gefe wurin takalman mutane yana korar akuyar da ke son tauna su. Ya yi kuka a nan, babu wanda ya gani, kowa na fuskantar gabas.

Da lokacin yanka ya matso, ya fara zagaya gari neman mai wuƙa. Nan ya gano cewa mutanen da suka ƙoshi da namansa shekara da shekaru malamai ne ashe. Wannan ya ce hannunsa na ciwo. Wancan ya ce cin naman daban, sa wuƙar daban, kuma ya ji an yi bayani a rediyo. Mamman ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka gahwarce ni, komi ka sa ni in yi, ban da wanga." Kanta ya dawo gida ya zauna yana kallon bunsurun, bunsurun na kallonsa.

Lami ta ajiye masa fura ta ce, "Malam, ka yanka abinka da kanka mana."

"In ci da wa?"

Sai ta juya ta koma ɗaki.

Kwanaki ya yi yana juya abin, har wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ke zuwa wa mutum mai wayo idan ya rasa abokin shawara. Tunda Musulmi ake nema ya sa wuƙa, kuma Musulman gari sun ƙi, to me zai hana a ƙara Musulmi ɗaya? Ya yi lissafin cewa ba ƙarya zai yi ba. Allah dai bai taɓa musun sa a fili ba, Annabi kuma Ɗanjuma ya ba shi labarinsa har ya ji kamar ya san shi. Na gida za su gane, ai don kada a bar su da ƙishi ne.

Ran Juma'a ya je wurin Liman Hassan. Labari ya riga shi isa masallaci. Aka yi masa wanka, ya maimaita kalmar shahada, aka raɗa masa Abdurrahman, sunan da har yau in an kira shi da shi sai ya waiga ya ga wa ake nufi. Mamman ya taho daga Ɗan Issa da farar riga sabuwa da ya sayo wa ubansa, ya rungume shi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kanta bai shirya wa wannan kukan ba, ya shige shi sosai.

Da jama'a ta watse ya matsa kusa da liman.

"Allah gahwarta malam, yanzu in na yi yanka, a ci?"

Liman ya dube shi ta saman tabarau. Shi ma ɗan garin ne, kuma ya san ɗanɗanon cinyar nan.

"A ci, Abdurrahman. In dai sunan Allah kaɗai ka ambata."

"To."

"Kaɗai na ce."

"Na ji, malam."

Ya ji ɗin, amma yana da nasa shirin: ya yi bisimilla a fili, ya bi da sauran a ciki. Baki ɗaya ne, amma ai yana da sauri.

Da safe ya ja bunsurun zuwa tsamiya shi kaɗai. Ya ɗaure ƙafafun da igiya tunda babu mai riƙewa, ya juya shi gabas, ya danne da gwiwa. Sai ya tarar aikin da ya sha kallo daga baya ba haka yake daga gaba ba. Dabbar na fizga, wuƙar na zamewa a guminsa, ga tsoron kada ya ɓata yankan ya zama mushe bayan duk wannan wahala. Ya tattara hankalinsa kaf a maƙogwaron, ya ce bisimillahi Allahu akbar da muryar da bai san yana da ita ba, ya ja wuƙa. Bunsurun ya yi shure-shure, shi kuma yana danne da shi har ya lafa. Da ya ɗago, ƙasa ta riga ta shanye jinin. Bai kira sunan ko ɗaya daga na gida ba.

Ya buɗe baki, ya rufe. Ubansa ya koya masa cewa kiran suna bayan jini ya sauka kamar gayyatar baƙo ne bayan an wanke kwano. Tun da kakanninsa suka sare wannan daji, yau ce rana ta farko da aka zubar da jini a nan ba a kira kowa ba. Ya tsaya yana jiran wani abu ya faru. Wata kurciya ta sauka, ta yi ɗan kiwonta, ta tashi.

Gari kuwa ya ci nama. Zauren ya cika fiye da kowace shekara, har da masu ciwon hannu, waɗanda suka warke daidai lokacin. Liman da kansa ya zo, ya ce a yi niyyar sadaka ga marigayi Ɗanjuma, aka shafa. Ƴaƴan Kanta suka sa hannu a akushinsa. Ya samu abin da ya nema cif, yana ta murmushi, ransa kuwa cike da tsoro.

Duk daminar nan a cikin jira ya yi ta. In jika ya yi tari, sai ya ce ga shi nan sun fara. In ruwa ya ɗauke na ƴan kwanaki, sai ya zagaya gandu yana duba ganye. Ya jira tsutsa, ya jira ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya jira tsawa ta faɗa wa tsamiyar ko ta faɗa masa. A ransa ya riga ya shirya abin da zai ce in sun zo: ku yi haƙuri, aiki ne ya yi wa hannuna yawa, ga wani bunsurun. Yana sallolinsa a sahu, yana kuskuren raka'a, yana saurare.

Ruwa ya sauka daidai. Gero ya yi zangarniya kamar damtsen mutum, wake ya rufe ƙasa. Da kaka sai da aka yi sabon rumbu.

Mutane suka riƙa tsayawa a ƙofar gida suna taya murna. "Ka gani ko, Abdurrahman? Albarkar Musulunci ke nan." Shi kuma ya ce alhamdu lillahi, kuma ba da wasa yake faɗa ba, hatsi hatsi ne.

Ranar da aka ɗora wa sabon rumbun jinka, Lami ta same shi zaune a bayansa, inda ya saba ɓuya da tuwon azumi, ido jawur.

"Malam, lahiya? Rumbu biyu, mi kuma ya rage?"

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya share fuska da hannun farar rigar.

"Lami, tun ina yaro nike ba su. Na bari, kuma ko ɗaya bai zo ya tambayi dalili ba."