Akwatin Alhaji Muntaka

Dabo masassaƙi ne ɗan masassaƙi, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa inda gona ke manne da gona, sai layin gamba ke nuna iyaka. Turmi yake sassaƙawa da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, ran kasuwa ya labta wa jaki ya kai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga saurin dariya, in an zauna gindin durumi kuwa ba a raba shi da surutu. Abu ɗaya ne ba a taɓa ji daga bakinsa ba, sunan 'yarsa ta fari, Sakinatu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garin. Mutumin kirki ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa. Tun da aka yaye ta, yayar Dabo, Larai, ta goya ta ta tafi da ita unguwar Bacirawa a Kano inda take aure, ta sa ta a boko. In zancenta ya taso sai Dabo ya ce "yarinyar wajen Yaya." In ta zo hutu ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana duban gizagonsa. Mutane na yabonsa da alkunya, shi kuma yana karɓar yabon hannu bibbiyu. Amma gaskiyar ita ce kunyar nan ta yi masa rana, don tsoron yarinyar yake ji. Tana karanta takardar asibiti, tana jin Turancin rediyo, shi kuwa da dangwale yake sa hannu. Gani yake ranar da ya yi mata doguwar magana, ranar za ta gane ubanta mai fafe itace ne kawai. Al'ada ta ba shi wurin ɓuya, ya shige ya ja ƙofa.

Sai ga shekarun nan da damina ta yi ta gardama, gero ya bushe a tsaye, sabulu ma sai an bi layi a birni. Mata ba su da abin dakawa balle su nemi sabon turmi. Mutane suka koma sare itatuwan gona suna sayar wa motocin itace masu zuwa daga Kano. Dabo ya daure shekara biyu, a ta uku ya sare tsohuwar kiryar gonarsu. Mota ta kwashe komai, ta bar wani ƙullutu da ya fito a gindinta, girman kan ɗan maraƙi. Masassaƙa ba su son irinsa, don jijiyarsa a murɗe take, tana dakushe gizago. Dabo ya kai gida da niyyar faskara wa matarsa Hure ta yi girki.

Da ƙyar ya ɓantare gefe ɗaya. Ya ɗaga gatari zai ƙara sara, sai ya tsaya. Cikin itacen ja ne mai duhu, ga wasu layuka sun zagaye juna kamar ruwan kududdufi da aka jefa wa tsakuwa, ga ɗige-ɗige a tsakaninsu irin na jikin zabuwa. Ya tofa yawu ya murza da babban yatsa, zanen ya ƙara fitowa. Shekara talatin yana sara itace bai taɓa ganin haka ba.

Nan take ya tuna wata magana da Larai ta yi a wani zuwanta, tana dariya: yarinyar ta kusa gama makarantar horon malamai, amma har yau 'yan kunnenta da alƙalaminta a kwalin sukari take ajiye su. A ranar Dabo ya yi kamar bai ji ba. Ashe ya ji.

Ya binne ƙullutun a yashi cikin inuwar zaure wata biyu, don ya bushe a hankali kada ya tsage. Shi ba kafinta ba ne, bai san ƙusa ba. Ya yanke murfin akwati daga jikin itacen, ya fafe sauran kaɗan-kaɗan da kurfi, ɗan gizagon nan na fafe ciki, tsawon taƙi ɗaya, ya ware ɗan gurbi a gefe. Ya tsaga masa hanya a baki yadda murfin zai zame ya shiga, in ya rufu zanen sama ya haɗu da na gefe kamar ba a taɓa raba su ba. Ya kankare da fasasshiyar kwalba har ya yi santsi, sannan ya bi shi da man kaɗe kullum da hantsi.

Hure ta gaji da kallo. "Malam, itacen girkin nawa ke nan ake shafa wa mai? Ni da nake neman na ƙafa ban samu ba."

"Aiki ne aka ba ni."

"Wa ya ba ka?"

Dabo bai shirya wa tambayar ba. "Wani Alhaji... Alhaji Muntaka."

"Na ina?"

"Na Bacirawa."

Duk cikin Kano da kewayenta unguwar da ta zo bakinsa ke nan, don ita kaɗai ce ransa ke zuwa.

Ƙarya ta yi masa daɗi. A gindin durumi ya ƙara wa Alhajin tumbi da haƙorin Makka da mota mai ruwan toka. Labari ya kai kunnen Isyaku mai fataucin tumaki, wanda ke shiga birni kowane mako. Ya zo zaure ya juya akwatin a hannu ya yi salati.

"Dabo, wannan hannunka ne? Ubangidana na birni zan kai wa. Buhun gero zan dire maka a ƙofar gida."

"Yana da mai shi."

"Wata nawa mai shi bai leƙo ba? Jibi zan dawo, ka yi tunani."

Hure na bayan zana tana ji. Rumbunsu ya kai inda sai an zura kai ake ganin hatsi. Tun daga lokacin ba ta bar shi ya sha ruwa da daɗi ba.

"Alhajin naka ya mance da kai, Malam. Buhu guda fa."

"Alkawari ne."

"To aika masa ya zo ya ɗauka."

Dabo ya rasa tudun dafawa. In ya ce na yarinyar ne, alkunyar da ake yaba masa shekara ashirin ta zube a tsakar gida. In ya yi shiru, ba shi da hujjar hana iyalinsa buhun gero. Ga wani abin da bai taɓa tsayawa ya lissafa ba: ko an bar masa akwatin, da wane hannu zai miƙa mata?

Washegari ranar kasuwa, bas ta sauke Larai da Sakinatu. An tura yarinyar koyarwa wata firamare can wajen Dawakin Tofa, ta zo sallama, kwana ɗaya za su yi. Da ta fita gaida maƙwabta, Hure ta shiga zaure ta ɗauko akwatin ta ajiye gaban Larai a kan tabarma.

"Yaya, ki raba mu. Na wani Alhaji Muntaka ne na unguwarku, ya ƙi zuwa, ga shi ana ba mu buhun gero ƙaninki ya ƙi."

Larai ta ɗaga akwatin ta duba ta ko'ina. "Alhaji wa?"

"Muntaka," in ji Dabo, murya a ƙasa.

"A Bacirawa? Shekarata ashirin da biyar a can, babu gidan da ban ci tuwon suna ba. Wane layi yake?"

"Can... bayan masallaci."

"Bayan masallaci gidana ne, Dabo."

"To gaba kaɗan."

"Gaba kaɗan kuma maƙabarta ce. Ko a can yake?"

Hure ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Sai a lokacin Dabo ya dube ta da kyau. Matar nan ta sani. Tun ranar da ya ce Bacirawa ta sani. Ita ma 'yar farinta ce, kunyarta ma ta fi tasa, ba ta iya tambaya balle ta ce a ba ta. Zancen geron duk tura shi take yi ya furta kafin yarinyar ta tafi, da ya ƙi ta kai ƙararsa wajen wadda ba ya iya yi wa gardama.

Larai ta zura yatsu huɗu a cikin akwatin ta auna. "Wannan Alhaji da alƙalami yake yawo, na gani. Ga wurin 'yan kunne ma an ware masa." Ta ƙulle shi a bakin zane. "Na tuna shi yanzu. Shi ya aiko ni in karɓar masa."

"Geron fa?" in ji Dabo, don kada a ce bai yi magana ba.

"Kai da ba ka shiga madafi, ina ruwanka?" in ji Hure. "Akuyata ta haihu biyu. Isyaku ba tumaki kaɗai yake saye ba."

Da hantsi suka fito za su tafi. Dabo na zaune a ƙofar zaure yana feƙe wata ƙota da ba ta bukatar fiƙa. Sakinatu ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, za mu koma."

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce wa ƙotar.

Larai ta kwance bakin zanenta. "Ungo. Wani Alhaji ne a unguwarmu ya ce a ba ki."

Sakinatu ta karɓa. Ta daɗe tana duban zanen, tana bin layukan da yatsa. Ta sunsuna, ta ji man kaɗe. Ta dubi tarin sassaƙen ja da ke gefen zaure, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Gwaggo, a ce masa na gode. A ce masa ban taɓa riƙe abu mai kyansa ba."

Ta sa farce ƙarƙashin murfin tana neman ɗaga shi sama, irin yadda ake buɗe akwatin kanti. Ya ƙi. Ta ƙara ƙarfi. Dabo ya ji itacen ya yi 'yar ƙara, ya san bakin hanyar nan siriri ne, in ya ɓalle babu gyara.

"Ke! Ba haka ba, za ki karya!" Ya yar da ƙota ya matso. "Tura shi za ki yi. Sa yatsanki nan. A hankali. Yauwa."

Murfin ya zame ba ko gargada. Dabo bai koma mazauninsa ba. Ya tsuguna yana nuna mata inda jijiyar ta murɗe ta kusa karya masa kurfi, da dalilin da ya sa ya bar gindin da kauri, da yadda ake gane itacen da ya bushe daga ƙararsa. Ita kuwa tana ta tambaya, yana amsawa. Hure ta leƙo ta saman zana ta koma da sauri.

Larai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta dubi rana.

"Alhaji, a yi haƙuri haka nan, bas za ta tafi ta bar mu."

"Akwai ta azahar," in ji Dabo, bai ko ɗago ba.