Hannun Jarin da Gwadabe Bai Saya Ba

Gwadabe masunci ne ɗan masunci, daga wani ƙauye a ƙasar Auyo. Ya tashi a lokacin da kogin Haɗeja ke ciyar da gida da kamun kifin kwana ɗaya. Da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, sai ya jingine kwale-kwalensa ya koma noman shinkafa a fadama. Ambaliyar 2022 ta zo shinkafar tana fitar da kai, ta shanye gonar, ta rushe ɗakuna biyu na gidansa. Ya ɗauko matarsa 'Yar'azumi suka dawo cikin Haɗeja wajen ƙaninsa, ya samu aikin gadi a wani injin casar shinkafa. Shekarunsa sun haura hamsin, 'ya'yansa mata duk suna gidajen aure.

Kusa da injin akwai gidan Malam Filibus, mutumin Filato, wanda ya daɗe yana koyar da darasin kasuwanci a wata sakandare. Bayan la'asar yakan fito da kujera ƙarƙashin bishiyar maina yana duba waya. Wata rana Gwadabe ya ji shi yana tsaki, ya tambaye shi ko lafiya. Filibus ya ce farashin wani kamfani ne da yake da hannun jari a ciki ya sauka. Gwadabe ya tambaya ko shi wannan hannun jarin ruwa yana cinsa.

“Ruwa ba ya cinsa, Malam Gwadabe,” in ji Filibus, “amma shi ma yana da tasa ambaliyar.”

Daga ranar suka fara zama. Filibus ya bayyana masa cewa kamfani kamar babban jirgin kamun kifi ne da mutane da yawa suka haɗa kuɗi suka saya, kowa da rabonsa. In an samu, a raba riba gwargwadon hannun kowa. In an rasa, kowa ya ji a jikinsa. Wannan Gwadabe ya gane nan take, don sun taɓa haɗa kuɗi sun sayi komar kamun kifi shi da 'yan'uwansa. Abin da ya ba shi wahala shi ne yadda farashi ke hawa da sauka alhali kamfanin yana nan inda yake. Sai da Filibus ya tuna masa yadda buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ke faɗuwa da kaka ya tashi da bazara, sannan ya gyaɗa kai.

Gwadabe ya yi makarantar yaƙi da jahilci, yana iya haɗa baƙi a hankali, amma ba ya jin Turanci. Filibus yakan buɗe rahoton shekara na kamfani a waya ya riƙa fassara masa: me suke sayarwa, ribarsu tana ƙaruwa ko raguwa, sun saba raba riba ko sai alkawari. Ya koya masa kada ya zuba komai a wuri ɗaya, kada ya saya don ya ji ana yayi, kuma sai ta hannun dillali mai rajista. Ya ja masa kunne kan masu zuwa da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada mutum ya taɓa sa kuɗin abinci.

Gwadabe bai tsaya nan ba. Ya je wajen limamin unguwa ya tambayi hukunci, aka ce masa ya guji masu harkar kuɗin ruwa da giya, sauran ya bincika. Ranar kasuwa yakan zagaya rumfunan 'yan tireda yana tambaya wane sukari ne ya fi tafiya, wace taliya mata suka fi nema. Daga ƙarshe hankalinsa ya kwanta da wani kamfanin kayan abinci. 'Yar'azumi takan yi masa dariya, ta ce mai gadi ya zama mai kamfani. Amma ita ce ta ce ya je ƙauye ya sayar da kwale-kwalen, tunda ba komawa su zai yi ba. Ya yi kwanaki yana juya maganar, sannan ya je ya sayar wa wani ɗan'uwansa. Filibus ya taimaka masa aka buɗe asusu wajen dillali, saura kawai a tura kuɗi.

A makon ne ƙafafun 'Yar'azumi suka kumbura. Da farko sun ɗauka gajiya ce, sai fuska ma ta hau. A asibiti aka ce ƙoda ce, sai an riƙa yi mata wankin ƙoda. Gwadabe bai yi shawara da kowa ba. Kuɗin kwale-kwalen ya tafi, tumakinta suka bi, sannan abin da surukai da maƙwabta suka haɗa. Filibus ma ya sayar da wani ɓangare na nasa hannun jarin ya kawo, Gwadabe ya ƙi karɓa har sai da ya ga ran mutumin ya ɓaci.

Wata rana suna dawowa daga wanki a keke-napep, ta jingina da kafaɗarsa ta ce, “Malam, na cinye maka kamfaninka.” Ya ce mata ta bar wannan magana, kamfani yana nan ba inda za shi. Ta rasu kafin ruwan farko na daminar da ta biyo.

Bayan an share makoki, Gwadabe ya koma bakin aikinsa, amma ya daina zuwa ƙarƙashin maina. Filibus ya ga farashin kamfanin da suka zaɓa ya tashi sosai a watannin jinyar, bai faɗa masa ba. Gwadabe ne da kansa ya tambaya wata rana, da ya ji amsar ya ce, ashe dai binciken nasu bai yi ƙarya ba. Ya ɗan yi murmushi, ya share ido da bakin rawani, ya tashi ya buɗe wa wata mota ƙofa.

A ƙarshen shekarar Filibus ya yi ritaya ya koma Filato da iyalinsa. Gwadabe ya taya su ɗaure kaya, ya raka su har tasha. Asusun nan yana nan da sunansa, ba a taɓa sa ko sisi a ciki ba. Yanzu idonsa ya fara rauni, mai injin ya rage masa aiki zuwa na rana. Ƙaramar 'yarsa Zulaihat ta matsa ya koma kusa da ita a Jahun, ya ce zai duba, amma har yanzu bai ɗaure kaya ba. Ya ce ba ya son ya yi nisa da inda aka binne uwarta.