Sangen da Inna ta ɗinka a hular taubashina

Shekarar da aka ɗauke mu aikin awon yara a ƙauyuka, mu biyu ne daga gidanmu, ni da ɗan kawuna. Taubashina ne, wata bakwai na ba shi, kuma a ɗakin Inna, mahaifiyata, ya tashi tun da mahaifiyarsa ta rasu yana rarrafe. Wani furoje ne, wato shirin taimako, ya kawo kekuna likita, asibitin garinmu ke nan, kowane keke da hular kwanonsa, irin marar nauyin nan da aka huda wa tagogi a sama don iska. Mu kask muke ce mata. Majo, wato babban malamin likitar, ya ce duk wanda aka gani bisa keke babu ita, ya ajiye keken ya tafi gida.

Bazara ce, kuma tagogin nan ba iska kaɗai suke shigarwa ba. A sati na biyu muna gangara wani kwari a hanyar Bader Gula sai rina ta faɗa wa taubashina ta taga. Ya yi watsi da keke yana kokawa da igiyar haɓa, ni kuwa ina dariya har da riƙe ciki, don taubashi ba ya jaje sai ya gama dariya. Harbi ɗaya ne tal, a bayan kunne.

Da muka shiga gida Inna ta hango kumburin tun daga bakin murhu. Ta kira sunansa, ta zaunar da shi, ta jiƙa kanwa ta shafa masa da hannunta. Sannan ta karɓi hular ta jujjuya, ta leƙa tagogin ɗaya bayan ɗaya. Ta shiga ɗaki ta yanko gefen sangenta, gidan sauron da take kwana a ciki, ta zauna a rumfa da allura da zare ta bi kowace taga ta rufe. Sau biyu tana ɗora masa a kai tana tambaya ko ɗinkin yana sukarsa.

Tawa hular tana rataye a ƙusa ɗaya da inda ake rataye tasa. Tagoginsu iri ɗaya ne, hanyarmu ɗaya, rinar da ta harbe shi ba ta san ɗan wa ba ne. Inna ba ta ko dubi ƙusar ba.

Ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa tana kunyar ɗan farinta. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In dole ta yi maganata sai ta ce “wancan”. In na gaishe ta, gefe take kallo ta amsa. Na san al'ada ce, na san haka kakata ta yi wa babban kawuna, amma sanin bai hana ni komai ba. Ina da shekara ashirin da shida da gemuna, na zauna ina kishin guntun sange da bai kai faɗin tafin hannu biyu ba. Kishi sosai.

Da na so, da ƙanwata ta ɗinka mini, ko tela a kasuwa kafin in gama shan shayi. Ban so ba. Allurar Inna nake so. Sai na shiga ajiye hular inda za ta gan ta: yau a kan turmi, gobe a bakin ƙofarta. Sai in ji ta ce wa ƙanwata, “Ɗauke wanga abu kar akuya ta taka.”

Taubashina kuma ya samu abin yi. Duk inda muka tsaya sai ya miƙo mini hularsa.

“Taɓa ka ji ɗinkin Gwaggo. Ko sauro sai ya nuna takarda.”

Wata rana dai ya bar wasa ya ce, “Kawo taka in kai mata, in ce tawa ta biyu ce anka ba ni.”

Wannan ta fi duk tsokanarsa ciwo. Wato sai da sunansa uwata za ta taɓa abina. Na ce masa ya riƙe alherinsa, ni ina da dabarar da ta fi tasu.

Dabarar kuwa daga bidon ruwa na ɗauko ta, galan ɗin nan da ake naɗe wa jiƙaƙƙen buhu ya yi sanyi. Na samu ƙyalle na jiƙa na shimfiɗa a cikin hular. Ya toshe tagogi, ya sanyaya kai. Duk rijiyar da muka iske sai in sake jiƙawa, in ce masa sangensa ba ya maganin rana. Kwana huɗu ina wannan fankama. Girman kai rawanin tsiya.

Ko yaron da ya taɓa bin dabbobi ya san zuma ƙishirwa take ji da bazara, duk inda ɗigon ruwa yake nan take. Ni ma na sani, hankalina ne ba ya wurin. Rana tsaka muka isa wata rijiya a hanyar Azagor inda makiyaya ke ban ruwa, matansu sun tara mana yara a gindin aduwa. Na jiƙa ƙyallen sharkaf, na kifar da hular a kan sirdin keke, muka shiga awo. Da muka gama na ɗauka na kifa a kai ban duba ba, na ɗaure igiyar haɓa.

Ban san zuma nawa ne a ciki ba. Na san dai yatsuna sun kasa samun maɓallin, taubashina ne ya ɓalle shi. Kafin la'asar idona na hagu ya rufe, leɓena ya yi nauyi, kaina kamar an ɗora mini tulu. Bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Ya nemo mai amalanken jaki, ya ɗora ni da kekunan biyu, shi ya biyo mu a ƙasa.

A gida mata suka taru, wannan sannu, waccan salati. Inna tana tankaɗe a rumfa. Ta ɗago sau ɗaya, ta mai da kai. Ƙanwata ce ta kawo kanwar. Na kasa kunne da idon nan ɗaya da ya rage, ko za ta ce wani abu, ko da “wancan” ne. Sai na ji ta juya kan taubashina.

“Kai kana ina? Idanunka na mi ne?”

Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba, tuwonsa ma aike ake yi masa. Ni kuma ina kwance da kumburarriyar fuska ina jin haushi, don har faɗan ma shi aka yi wa.

Rana ta huɗu na fito na iske shi a zaure yana liƙin taya. Na zauna na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba.

“Ɗinki naka, hwaɗa naka, suna naka. Ni mi ni ke da shi a gidan ga?”

Ya daɗe yana goga robar da dutse kafin ya amsa.

“Ranar da na kawo ka, kai ba ka gani. Rariyar da take kaɗawa ba gari a ciki. Har mutane sunka watse tana kaɗa ta.”

Ya shafa gam, ya hura, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Ni tana kiran sunana gaban kowa don ni amana ne. Ka ɗauki kask ɗin in kana so. Ni ma ɗan hwari ne. Wadda za ta ji kunyata tana ƙasa.”

Tun muna rarrafe muke kwana ɗaki ɗaya, ban taɓa tuna wannan ba. Ya miƙo mini tayar ya ce in danne masa liƙin kafin ya bushe, na sa yatsa na danne.