Tanko Mai Cin Tsidugu

Shekarun da Abuja ke ta kumbura, gini ko'ina, mu muna ɗaki biyu a Kubwa. Babanmu yana aiki a wani kamfani a Idu. Ya fita da asuba, ya dawo bayan isha'i a laƙwashe, ko magana sai da ƙyar. Mahaifiyarsa, Iya, ta zo jinyar ƙafa daga ƙauye, zama ya kama ta. Ba ta yarda da risho ba, gawayi take hurawa a bayan ɗaki, mu yara mu kewaye ta.

Wata rana Baba na gefe da kwanon tuwo, yana zazzaga yaji tun bai ɗanɗana ba, kamar kullum. Iya ta gyara garwashi.

"Ga ta nan, ku matso kafin wutar ta mutu."

Wai an yi wani Tanko, gwanin cin tsidugu, ƙaramin barkonon nan mai azaba. Ranar kasuwa samari su zauna gasa, wanda ya fara neman ruwa ya faɗi. Tanko ya tauna tafi guda, ko hawaye babu. Ana yi masa kirari, yana ƙarawa, har ya zama babu kasuwar da ba a san shi ba. Rannan uwarsa ta yi masa miyar kuka, da gangan ta ƙi sa gishiri. Ya sharɓe tas, ya ce bai taɓa shan irinta ba. Sai ta juya baya tana kuka.

Muka tambaya, me ya sa ta kuka?

"Harshen ya mutu, 'yan nan. Kullum ana yabon juriyarsa, babu wanda ya ce masa ya isa."

Baba bai ɗago ba. "Iya, oga ya ƙara mini aikin Asabar."

"Na ji," in ji ta.

Sai da na girma, na shiga layin motar Garki kullum safiya, na gane ba mu take yi wa tatsuniyar ba, Baba take yi wa. Gajiya ce ta cinye masa ɗanɗano, yajin nan kaɗai ke tuna masa yana cin abinci. Iya ta rasu kafin gyambon ciki ya kwantar da shi, likita ya hana shi barkono. Ranar farko da Umma, mahaifiyarmu, ta kawo masa miya salam ba yaji, ya kai loma. Sannan ya dube ta.

"Ashe haka girkinki yake?"